Audugar da Ban Ji Ba

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu, dattawan ikilisiya, iyaye mata, da 'yan'uwa baki ɗaya. Sunana Ayuba. Waɗanda suka zo daga wajen Burumburum sun san gidanmu, sun kuma san sunan da ake kirana da shi a bayan idona. Yau zan hutar da su, in faɗa da bakina: na yi kuturta.

Gidanmu gidan tsafi ne. Babana shi yake yanka wa iskoki na danginmu, ni ne kuma na fara bin Yesu a gidan. Da na iya karatu sai aka ɗauke ni aiki a ƙaramin asibitin mishan, ina wanke gyambo, ina tafasa allura. Baturiyar da ke riƙe da wurin, wadda muke ce wa Sista, ta zaɓi mutum biyu za ta shirya su su je Kano su yi jarrabawar gwamnati ta malamin asibiti. Ni da Habu ne. Habu Musulmi ne, ɗan wani alaramma daga Ƙafin Maiyaki, mutum mai sanyin hali. Kwano ɗaya muke ci.

Sista tana da doka. Duk ranar Juma'a da hantsi takan ba mu tambayoyin gwaji, ta ba da maki. Ta ce wanda makinsa ya yi ta faɗuwa ba za ta aika da sunansa Kano ba, don ba ta son a je a kunyata ta.

Da farko ni ne a gaba. Ba yabon kai ba, Allah ya ba ni kai. Har nakan tsokani Habu in ce masa, wannan ba hadda ba ce, ɗan malam, sai an gane. Sai ya yi murmushi.

Da damina ta faɗi sai makina ya fara sauka. Na san amsoshin, amma lokaci yakan ƙare ban kai rabi ba. Alƙalami ya riƙa suɓuce mini, tawada tana ɓata takarda. Sista ta ce rubutuna ya lalace, ba ta iya karantawa. Na ji haushi, na ce a raina mace ce ta raina ni. Na ɗauka lalaci ne ya kama ni, na ƙara ƙaimi ga karatu, maki bai daina sauka ba.

Da na je gida na ba Baba labari, ko kallona bai yi ba. Ya ce, “Ka bar iskoki masu gida da yunwa, kana so hannunka ya yi albarka? Kawo jan zakara a yanka, ka ga aiki.” Ban kawo ba, amma maganar ta zauna mini a ciki. Na fara jin tsoron Juma'a.

Wata rana na ɗauko tukunyar tafasa allura daga kan wuta. Sai da na ji ƙauri na duba, na ga ƙaramin yatsana na dama ya ƙone har fata ta saɓule. Ban ji zafi ba ko kaɗan. Na ɗaure shi da tsumma, na ce wa kaina gajiya ce. Akwai kuma wani tabo mai haske a damtsena, na ce makero ne. 'Yan'uwa, ni ne nake zana alamun wannan cuta a takarda ba kuskure, amma a jikina na ƙi karanta su.

Sai ranar gwajin hannu ta zo. Yadda ake binciken kuturta shi ne a ɗaure wa mutum ido, a ɗauki 'yar auduga a riƙa taɓa fatarsa a hankali, duk inda ya ji sai ya nuna da yatsa. Sista ta ce mu gwada a kan junanmu, ita kuma ta shiga duba wata mai naƙuda. Na gwada Habu, duk inda na taɓa ya nuna. Ya ɗaure mini ido. Na ji a goshi, na ji a wuya, na ji a hannun hagu. Daga nan sai shiru. Na jira, na jira, har na ce, “Kai Habu, barci ka yi? Ci gaba mana.”

Da ya kwance mini ido, audugar tana kan damtsena na dama.

Ya rubuta abin da ya gani. Da Sista ta karanta, sai ta ja layi da jan alƙalami. Ta ce, “Habu, Ayuba lafiyarsa ƙalau. Ba ka taɓa shi ba, iska ka taɓa. In ka yi wa mai lafiya wannan kuskure, ka raba shi da iyalinsa a banza. In ka sake, sunanka ba zai je Kano ba.” Ta ba shi sifiri, ta ba ni cikakken maki.

Habu ya sunkuyar da kai ya ce, “To, ranki ya daɗe.” Kun san halinmu. Ba a duban idon mutum a ce masa kuturu, balle abokin cin tuwo. Da aka kawo abinci ya wanke hannu ya sa a kwanon da na sa nawa. Ni ne na kasa ci.

Makon nan ban san yadda na yi shi ba. Na san inda ake kai masu wannan cuta. Na ga yadda ake zuba musu ruwa daga nesa, na ga matansu da suka kwashe kaya suka tafi. Na yi lissafi, na ce in na daure har kaka, na ci jarrabawa, na karɓi takarda, sai in nemi magani a ɓoye. Amma Sista ta ce za a maimaita gwajin, kuma na san Habu ba zai rubuta ƙarya ba, ba kuwa zai tona ni ba. Sifiri zai sake karɓa.

Ranar Alhamis da rana tsaka na shiga majami'a, ba kowa sai tantabaru a rufi. Na durƙusa. Addu'ata ba ta da kyau, faɗa na yi. Na ce, “Ya Yesu, na bar gidan ubana dominka, wannan ne ladana? In iskokin Baba sun fi ka ƙarfi, gaya mini in koma.” Na yi kuka har muryata ta dishe. Ban ga wahayi ba, ban ji murya ba. Abin da ya faɗo mini kawai shi ne kuturun nan na cikin Bishara. Bai ɓuya ba, zuwa ya yi a gaban jama'a ya ce, in ka yarda kana iya tsarkake ni. Yesu kuwa ya miƙa hannu ya taɓa shi.

Na tashi na wuce wurin Sista. Na miƙa mata auduga, na ɗaure idona da kaina, na ce, “Ki gwada da hannunki.” Da ta gama, na ji ta ja kujera ta zauna. Sannan ta aika a kira Habu ta ba shi haƙuri.

Aka kai ni asibitin kutare. Lokacin an fara raba ƙwayar magani ke nan. Shekaru na yi ina haɗiyarta. Jini ya ƙare mini, zazzaɓi ya kayar da ni, jijiyar hannun nan ta kumbura har na roƙi Allah ya ɗauki raina. Maƙwabcina na ɗaki ya makance a gabana. Baba ya rasu ina can, ba wanda ya aiko mini, sai a bakin wani mai sayar da gishiri na ji. Habu ya ci jarrabawa, yana aiki yanzu wajen Doguwa. Ni ban taɓa zama a ɗakin jarrabawar nan ba, ba kuma zan zauna ba.

Amma bara likita ya kankari fatata ya duba, ya ce cutar ta mutu. Ya ce da na jira har kaka, da hannun duka ya tafi, wataƙila da ido. Ga hannun, ku duba da kyau. Yatsu biyu sun lanƙwashe, ba za su miƙe ba. Uku suna aiki, da su nake ɗaure wa mutane miki. Ban warke yadda na roƙa ba, amma na warke. Yabo ga Ubangiji!

Ina gode wa Yesu da bai bar ni na ruɓe a ɓoye ba. Ku dogara gare shi, ko da amsarsa ta zo da ɗaci. Kuma na san a cikin taron nan akwai mai saka doguwar riga cikin zafin nan don wani tabo da ba ya so a gani. Ban san ko wane ne ba. In an tashi, zan zauna a gindin ɗorawar da ke bayan majami'a har kowa ya watse. Ka zo, ba wanda zai ji daga bakina. Amin.