Igiyar Jirgin da Ruwa Ya Bari

A shagon kayan jiragen ruwa a garin Kariba da ke bakin wani babban tafki, wata mai tallar kifi ta tarar da wani tsoho yana zaɓen igiya. Ta kira shi Sekuru, wato kaka a harshen mutanen garin.

"Sekuru, ba kai ne mai farin jirgin nan mai ɗaki ba, wanda awaki ke shan inuwarsa?"

"Ni ne, jikata."

"Tun da tafki ya janye yake zaune a kan busasshiyar laka. Ɗaure shi za ka yi kada awakin su sace?"

"Na sa masa sabbin labulaye. In na kwanta ciki na lumshe ido, har lilo yake yi da ni."

"Wannan ai jiri ne, Sekuru."

"Ruwan zai dawo, yarinya. Tsorona ya zo ina asibiti, jirgin ya tafi ya bar ni."