Zumar Hindu

A bencin asibiti a Garwa, wata tsohuwa ta leƙa kwalbar hannun maƙwabcinta.

"Ɗana, zuma ce?"

"Ta 'yata Hindu ce, Inna. Maganin cutar kansa ya fito mata da ƙuraje a baki, ko kunu ya gagare ta. Dokta ya ce a riƙa shafa mata."

"Jikana ma haka, amma nasa sun warke."

"Nata ma tuni. Kullum dai sai ta wangale baki, 'Baba, ga sabo can ciki.'"

"Kana ganinsa?"

"Ko alama."

"To wayo take maka!"

"Na sani mana. Yarinyar da ta daɗe ba ta nemi komai ta ci ba? Wallahi gobe ma sai na gan shi."