Ƙasar Kangon Gidan Auduga

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro. Ni manomi ne daga wani ƙauye kusa da Funtua.

Bara da rani aka zo rushe tsohon gidan gurzar auduga da ke bakin hanyarmu. A cikinsa akwai sito inda aka daɗe ana jibge maganin ƙwari da na ciyawa, har ƙasar wurin ta sha. An ce masu kwashe gurɓatacciyar ƙasa ne za su fara zuwa, sai katafila ta riga su, ta cakuɗa komai.

Ka san mu, ƙasar kango taki ce. Maƙwabcina Malam Sani ya ce mini, "Wannan baƙar ƙasa za mu bari? Ɗauko amalanke!" Muka yi ta jida zuwa gonakinmu, ba wanda ya ce mana kul.

Da ruwa ya sauka, masarata ta tsiro ta ƙone. Tumakin Malam Sani suka sha ruwan da ya kwanta a gona suka mutu. Ni kuwa har yau hannuwana ƙuraje ne.

Sai daga baya masu kwashewar suka iso, suka tarar mun riga mun yi musu aikin. Malam, a tambayar mana masana: gubar da muka kai gona da hannunmu, wa zai kwashe ta? Ga damina ta sake ƙaratowa.