Ranar Da Na Yi Shiru A Cikin Rijiya

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, iyayena da 'yan'uwana, har da ku matan zumunta da kuka fara dariya tun ban buɗe baki ba.

Ni ne Ayuba na Roni, mai haƙar rijiya. Fasto ya ce in rubuta shaidata in karanta, wai in aka bar ni da bakina kawai, matan da suka zo da goyo za su koma gida da 'yan makaranta. To na rubuta. Amma ban yi alkawarin ba zan sa gishiri ba.

Yawancinku kun san Ishaku, ɗan Gwaggo Lami, wanda ake kira Kofur. Taubashina ne, shi ɗan mace ni ɗan namiji, saboda haka bawana ne tun ran da aka haife shi, ko da yake har yau yana musu. Rana ɗaya aka yi mana baftisma. Shi ne ma mai murya, in ya ja waƙa a majami'ar nan har kwanon rufi yana amsawa. Da yaƙin basasa ya tashi ya shiga soja. Ya tafi da Littafi Mai Tsarki a aljihu, ya dawo da tabo a kafaɗa da magana guda a baki: wai babu Allah.

Gwaggo ta kira ni ɗakinta ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Ayuba, Allah ya ba ka bakin da zai ishi unguwa guda. Ka ɗebi kaɗan ka dawo mini da ɗana kafin in rufe ido." Na ce, "Gwaggo, ki ɗauka an gama. Kafin a yanke gero yana gaba yana jan waƙa."

An yanke gero, an sake yankewa, an yi fari har ba a sami abin yanka ba, Kofur yana nan inda yake.

Da a ce irin masu ƙin zuwa sujada don barci ne, da tuni na gama da shi. Matsalar Kofur, yana da dalili. Na jawo shi cikin aikina ya zama mai riƙe mini igiya, don in same shi kullum, ashe kaina na jawo wa.

In na ce masa, "Kai bawa, dubi duwatsun Kazaure, wa ya ɓoye ruwa a ƙarƙashinsu?" sai ya ce, "Ruwan sama ne ya nutse, Randa." Randa yake kirana saboda cikina. In na ce, "To wa ya aiko ruwan saman?" sai ya ce, "Wanda ya hana shi bara har shanun mutane suka zube a hanyar Babura. In shi ya ba da, shi ya hana. Zaɓi ɗaya."

Wata rana muna cin rogo a bakin rijiya ya gaya mini abin da ke cinsa. Ya ce yana da aboki a soja wanda ba ya sa loma a baki sai ya yi addu'a. Harsashi ya same shi yana durƙushe. Wani saje kuma da ke sayar da abincin sojoji ya dawo ko ƙwarzane babu, yanzu motocin haya gare shi. Ya ce, "Bar wannan ma. Na laluba aljihun wani da na harbe, na tarar da Littafi irin nawa, har ya ja layi a ayar da ni ma na ja. Shi ya roƙa, ni na roƙa. Gaya mini, Ayuba, an amsa mini ne, ko kuwa ba kowa a wurin?"

'Yan'uwa, ba ni da amsa. Da yake ba ni da amsa sai na ƙara murya.

Ni ma ina da nawa dalilin. Na ce masa in ina ƙasan rijiya, sama kan koma kamar kwabo, ba na ganin mai riƙe da igiya, amma na san yana nan domin igiyar ba ta saki ba. Haka nake jin raina tun ina yaro, akwai mai riƙe da ɗaya bakin. Na ce, "Kuma in babu Allah, wa ya gaya maka mutuwar abokinka zalunci ce? Wa kake jin haushi?" Ya ce, "Ciwo ba ya neman izinin kowa. Ni kuwa kafin ka sauka ka gan ni da idonka, har ka ci rabin rogona."

Haka muka yi ta yi. Na yi masa wa'azi a Roni, na yi a Gwiwa, na yi a bayan babur har ƙuda ya shige mini maƙogwaro. Mutumin nan ya sa na rame. Kada ku dubi cikina, da ya fi haka.

Sai ku san yadda aikinmu yake. Doka biyu gare mu. Ta farko, ba a sauka tsohuwar rijiya sai an zura fitilar ƙwai tana ci. In ta mutu, iskar ƙasa ba ta da kyau, ba mai shiga. Ta biyu, wanda ke ƙasa ba ya yin shiru. Ko waƙa ko surutu, dole na sama ya riƙa jin muryarsa. Wannan doka kamar don ni aka yi ta. A da waƙoƙin yabo nake yi, Kofur ya hana. Ya ce, "Yi surutunka, amma ka ja mini waƙar majami'a in ɗaure igiyar a gindin bishiya in tafi shan fura." Sai muka mayar da gardama ta zama waƙarmu, ni daga ƙasa, shi daga sama.

Da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, gwamnati ta ce a yashe tsofaffin rijiyoyi a ƙara musu zurfi. Aka tura mu wani ƙauye gaba da Gwiwa. Ɗan kwangilar, wani mai babbar riga da sabuwar mota wanda bai taɓa leƙa rijiya ba sai in zai ga fuskarsa, ya kawo injin jan ruwa daga Kano. Tiyon injin bai kai ƙasa ba. Sai leburorinsa suka ɗaure injin da igiya suka zura shi cikin rijiyar, ya yi ta ruri a ciki tun safe har ya tsotse ruwan, sannan suka fitar. Duk muka tsaya muna yaba wa zamani. Ba wanda ya ga laifin abin a cikinmu, ba mu taɓa aiki da inji ba.

Kofur ya kunna fitila ya zura. Ta je ƙasa ta dawo tana ci. Ya ɗaga ta a gaban hancina ya ce, "Ga annabiyata, Randa. Ana ganinta, ana taɓa ta, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Sauka."

Na sauka. Na ji warin fetur, amma a shekarun nan har tuwo warin fetur yake. Na kwance igiyar daga ƙuguna na ɗaura wa guga kamar kullum, na kama diga, muka ɗora gardama daga inda muka tsaya.

Ban jima ba kaina ya fara sarawa. Na ce yunwa ce. Sai ga muryar Kofur daga sama: "To amsa mini wannan. In yana nan, kuma yana so in san yana nan, me ya hana shi faɗa da kansa? Sai ya aiko mini kai?"

Na buɗe baki. Harshena ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen buhu. Na zame na zauna cikin laka. Ina ganin ɗan kwabon saman nan yana ƙanƙancewa. Na tuna matata Saratu da yara. Na tuna Gwaggo da alkawarin da ban cika ba.

A nan na yi addu'a mafi gajarta a rayuwata, a zuci, don bakin ya ƙi. Na ce, "Ubangiji Yesu, ka ji tambayarsa. Shekara da shekaru ni nake magana a madadinka, ga inda ta kai ni. Bakina ya ƙare. Yi da kanka."

Daga nan ban san komai ba. Sauran labarin a bakin Baffa Buba na ji, wani dattijon Bafulatani da ke jira da shanunsa a gama a ba su ruwa.

Ya ce da Kofur ya ji shiru sai ya buga tsalle. Ya ce, "Baffa, ka zama shaida, yau na rufe bakin Ayuba." Har ya fara taka rawar soja. Yana cikin rawar ya tsaya cak. Ya ce, "A'a. Ayuba in an kayar da shi ba ya shiru. Nan ne ma yake ƙara murya." Ya leƙa ya kira Randa, ya kira Ayuba, har ya kira ni ubangidansa, abin da bai taɓa yi ba, kuma ga shi ban ji ba.

Ya jiƙa rigarsa ya ɗaure hanci, ya ɗaura wata igiyar a ƙugu, leburori suka zura shi. Ya ɗaure ni ta hammata ya girgiza igiya. Suka ja, suka ja, ban motsa ba. Sai da Baffa Buba ya kawo babban sansa aka ɗaura masa igiyar. Wannan sa ne ya fitar da ni, amma an ce har yau in ya hango mai ƙiba sai ya juya baya. Aka jawo Kofur yana amai, ya faɗi kusa da ni.

Na farka a asibiti a Kazaure, Saratu tana kuka tana yi mini faɗa lokaci guda. Malamin asibitin ya ce hayaƙin inji ne ya kwanta a ƙasan rijiyar, irin wanda ba ya kashe fitila amma yana kashe mutum. Ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da sai dai a kira Fasto.

Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

Na juya ga gadon da ke kusa, ga Kofur kwance. Na ce, "Bawa, annabiyarka ta yi ƙarya." Ya ce, "Ba ta yi ƙarya ba, an yi mata tambayar da ba ta sani ba ce." Na ce, "To wa ya fitar da ni?" Ya ce, "Ni, da igiya, da san Baffa." Ku ji fa. Mutum ya leƙa kabari ya dawo, bai ko sauya murya ba. Da ina da ƙarfi da na jefe shi da kwanon magani.

Baffa Buba ya zo duba mu da ƙwaryar nono. Shi musulmi ne, ya ce shi dai ya san Allah ne ya yi, sa kuwa sa ne. Sannan ya dubi Kofur ya ce, "Soja, da ana zura ka na ji kana faɗa da wani. Kana cewa, ka ɗauke wancan, wannan kam kada ka kuskura. Da wa kake?"

Kofur ya dubi bango ya ce, "Da igiya nake."

Da igiya! Wace igiya ce ta je yaƙi ta ɗauke masa aboki? Na buɗe baki zan yi masa wa'azin da zai kai mu damina, sai na tuna addu'ata a cikin laka. Na rufe. Saratu ta taɓa mini goshi ta ce ko ciwon ya dawo.

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba, Kofur bai ce ya tuba ba. Tambayarsa ta mutumin da ya harbe, har yau ba ni da amsarta, na kuma daina yi kamar ina da ita. Amma ran da muka koma aiki, ina ɗaura igiya ya ce, "Daga yau ba gardama. Gardama tana da numfashi a tsakani, ba na gane shirun tunani da shirun mutuwa. Waƙa za ka riƙa yi." Na ce wace iri? Ya ce, "Wadda ka iya. Ai ba ka iya ta kirki ba sai ta majami'a."

Na sauka na ja waƙar yabo. Da gangan na tsallake baiti guda. Sai na ji daga sama: "Ka tsallake, Randa. Kai ko waƙar Allahnka ba ka riƙe ba." Ya ja baitin da kansa, da muryar nan tasa, rijiya ta ɗauka har ƙasa. Na tsaya da diga a hannu ina hawaye, ya daka mini tsawa wai na yi shiru.

Da na gaya wa Gwaggo, ta ce, "To ka ci gaba da mantuwa." Yanzu ba waƙar da nake kaiwa ƙarshe daidai.

Na gode wa Ubangiji Yesu da ya fitar da ni daga ramin nan da raina, na gode masa da ya karɓi aikin da ya fi ƙarfin bakina. Wanda ke da irin Kofur a gidansa, kada ka fasa maƙogwaronka kamar ni. Faɗi abin da ka sani, inda ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, sauran ka bar wa Mai igiya. Ku dogara gare shi, bai saki ba.

Kofur yana waje yanzu haka a kan babur, a gindin darbejiya. Wai ya kawo ni ne kawai don har yanzu jiri na ɗibata. Inuwa ta fi yawa a can bakin hanya, amma ya zaɓi ta gindin taga. Kada kowa ya waiwaya. Mai jan waƙa, in mun tashi rufewa, don Allah ka tsallake baiti na tsakiya.

A cikin sunan Yesu, amin.