Na Bar Albasa Saboda Kwankur

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Isufu daga Badaguishiri.

Bara aka ce za a yi kwankur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati. Na bar garkar albasarmu, na tafi Konni karatu. Baba ya ce, "Tafi, ɗana, ni zan ja ruwan." Tsoho ne, ciwon baya ya kwantar da shi, albasa ta bushe. Sai ga sanarwa wai an ɗage jarrabawar, ba a sa rana ba. Bana kuma shekaruna za su wuce iyakar da aka sa wa masu shiga kwankur.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: in ci gaba, ko in koma bakin rijiya? Har yau in Baba ya gan ni da littafi sai ya ce, "Sannu, ma'aikacinmu." Wallahi gara ya zage ni.