Ƙofar Ajin da Muka Bari a Buɗe

Mai girma shugaban taro, mai girma shugaban hukumar makarantu, shehunan malamai na jami'a, abokan aikina tsofaffin hannu a koyarwa, 'ya'yanmu sababbin malamai, da sauran jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Godiyata ta farko ga Allah take. Ta biyu ga ɗiyarmu Dakta, wadda muka taru yau saboda binciken da ta kammala a kan shirinmu na haɗa kowane sabon malami da tsoho. Ni ce shugabar tsofaffin, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa hukuma na shawarar rufe shirin a ƙarshen zangon nan, wai yana cin lokacin darasi. Don haka ku yi mini haƙuri idan na ɗaga murya.

Abu na farko: ranar da Dakta ta zo da 'yar na'urarta ta naɗar magana, mun ɗauka yabo ta zo kwasa. Muka gyara zama, muka yi ta zuba wa sababbin malaman nan nasiha a ofis har bakinmu ya bushe. Da ta kammala sai ta dube mu, cikin ladabi amma ba tsoro, ta ce, "Iyayena, nasiharku tana da daɗi, sai dai ba ita ce ke riƙe su a aiki ba." Wallahi mun ji zafi. Amma ina alfahari da cewa ba wanda ya tashi ya fita.

Abu na biyu shi ne abin da ta gano. Sabon malamin da ya daɗe a aiki, in ji bincikenta, shi ne wanda aka bari ya zauna a bencin baya yana kallon tsoho yana koyarwa, ranar da darasi ya yi kyau da ranar da ya watse. Ta ba mu labarin abokinmu da yara ke kira Baba Sinadari. Ya haɗa ruwa biyu a gaban aji, ya yi alkawarin za su koma ja, suka tsaya fari fat. Aji ya kwashe da dariya. A bencin baya akwai wata sabuwar malama wadda ta riga ta yanke shawarar barin aiki, domin kullum ajinta ya gagare ta sai ta ɗauka ita kaɗai ce ba ta iya ba. Baba ya cire tabarau ya ce, "To, yau ruwa ya ƙi ni. Wa zai gaya mini inda na kuskure?" Hannaye suka tashi. Daga baya malamar ta ce wa Dakta, "Ashe har Baba yana shan kunya, gobe kuma ya dawo da allinsa. Ranar na fasa tafiya."

Abu na uku, jama'a: ba ƙaramin abu ba ne mai furfura ya buɗe ƙofar ajinsa, ya yarda sa'an ɗan cikinsa ya ga tuntuɓensa. Mun buɗe, ba a tilasta mana ba. Mun buɗe, ba a ƙara mana komai ba. Mun buɗe, kuma za mu ci gaba da buɗewa muddin aka bar mu.

Ranka ya daɗe shugaban hukuma, ba zan ja ka da gardama ba. Ina roƙon duk malamin da ya taɓa niyyar ajiye aiki, zaman bencin baya ya sa ya fasa, ya miƙe tsaye. Ku miƙe, 'ya'yana, ba abin kunya ba ne. Ranka ya daɗe, ka ɗan waiwaya ka ga yawansu. Kowanne a cikinsu akwai aji guda da ke jiransa gobe da safe.

Allah ya ƙara wa Dakta basira, ya yi wa shugabanninmu jagora a hukuncinsu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.