Mutumin da Ya Ga Cikin Ƙirjinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, babban likitan asibitinmu. Likita mai bincike, wadda ta yi tafiyar awa biyar don ta wakilci hukumar lafiya. Malamanmu da dattawanmu. Ma'aikatan asibiti, tun daga na ɗakin tiyata har masu shara da masu gadi. Inna, mahaifiyar marigayi. Mai ɗakinsa, wadda mu abokansa muke kira Maman Yara. 'Ya'yansa huɗu da ƙaninsa. 'Yan'uwa da maƙwabta, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ni direban motar asibiti ne. Da aka ce ni zan yi magana a madadin jama'a, na ce a nemi mai ilimi. Sai Maman Yara ta aiko mini da cewa, "Kai ne ka fi kowa daɗewa da shi a kujera ɗaya." Shi ya sa na amince. Idan muryata ta yi rawa, ku yi mini afuwa.

Duk mun san shi da Mai Hoto. Shekara ashirin da bakwai ya yi a ɗakin nan na ƙarshen baranda, mai ƙofa mai nauyi da jar fitila a samanta, yana ɗaukar hoton ƙirji. Da wuya a sami gida a yankin nan da wani nasa bai taɓa tsayawa a gaban na'urarsa ba.

Ya kasance mai tausayi a wurin da ba a lura. Farantin da ake manna ƙirji a kai sanyi gare shi, sai ya goga shi da tafin hannu har ya yi ɗumi kafin tsoho ya jingina. Ya kasance mai kunya: mace ba ta shiga ɗakinsa sai da nas a gefenta. Ya kasance mai barkwanci. Na taɓa jin ya ce wa wani dattijo, "Baba, saki mana! Cewa na yi ka riƙe numfashi, ban ce ka daina gaba ɗaya ba." Dattijon ya fito yana dariya, ya manta da tsoron da ya shiga da shi.

Amma ba don dariyarsa kaɗai muka cika wannan zaure ba. Mun cika shi ne saboda muna jin tsoro, kuma shi ne mutum na farko da ya gaya mana abin da muke tsoro.

Shekara tara da suka wuce aka kawo wata mata mai ɗinki daga layin bayan kasuwa. Wata shida tana shan maganin tarin fuka, ba ta tsallake ko rana ɗaya ba, amma sai ramewa take yi. Ya ɗauki hotonta, ya ɗaga shi a gaban fitila, ya daɗe. Daga nan ya tafi wurin likita ya ce, "Ranka ya daɗe, ba aikina ba ne in faɗi ciwo. Amma wannan inuwar ba irin ta tarin fuka ba ce."

Ni na tuƙa su zuwa babban asibiti da ke tsallaken kogi, shi yana gefena, ita da mijinta suna baya. Likitan can ya ce sankarar huhu ce, kuma ta riga ta bazu. Ya tambaya ko tana shan taba. Ba ta taɓa ba, mijinta ma haka. Ya ce, "Me ya sa kuka bari sai yanzu?" A hanyar dawowa ta leƙo ta 'yar tagar da ke tsakaninmu ta ce, "Malam Mai Hoto, akwai ɗinkin mutane a hannuna. Zan samu in ƙarasa?" Sati bakwai ta ƙara a duniya.

Tun daga lokacin ya fara ware irin waɗannan hotuna a wani kwali a ƙarƙashin teburinsa. A jikin kowanne yakan rubuta unguwar mutum, da sana'arsa, da ko yana shan taba. Shekarar farko shida ya ware. Ta biyu tara. Kafin shekara biyar kwalin ya cika, ya nemo wani.

Yana da abokin karatu da ke irin aikinsa a tsallaken kogi, a yankin da yawan mutanensa bai fi namu ba. Wata rana muna cin abincin rana a cikin mota ya buga masa waya, ya buɗe murya don in ji.

Ya ce, "Ku ma kuna ganin sankarar huhu tana ƙaruwa?"

Abokin ya ce, "Ƙaruwa? Mu nan raguwa take yi kowace shekara. Wanda ma muka gani, tun yana kamar ƙwayar wake ake yanke shi, mutum ya koma aikinsa."

Mai Hoto ya kashe wayar, ya ture abincinsa. Ya ce, "Direba, ka ji? Su suna ganin nasu kamar ƙwayar wake, ni ina ganin namu kamar dunƙulen hannu. Ƙasa ɗaya, gwamnati ɗaya, gada ɗaya ce tsakaninmu. Can kaburbura suna raguwa, nan suna ƙaruwa. Me muka yi?"

Ya kasance mai naci. Sau uku na kai shi ofishin hukumar lafiya da kwalayensa a kan cinya. A karon farko wani jami'i ya ce masa, "Kai mai ɗaukar hoto ne, ba likita ba." Ya ce, "Gaskiya ne, yallaɓai. Shi ya sa na kawo wa likitoci." A karo na biyu aka ce ya rubuto takarda. A karo na uku wata likita ta jawo kujera ta zauna, ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya har aka tashi aiki. Ga ta nan zaune a gaba. Likita, Allah ya saka miki da alheri.

Shekara biyu ta yi tana bincike, sannan ta dawo wannan zauren da taswira. Da yawanku kuna nan ranar. Kowane yanki an shafa masa launi gwargwadon yawan waɗanda wannan ciwo ke kashewa. Tsallaken kogi fari-fari ne. Namu ja ne wur, ya fi na kowa. Ta ce a can maza sun rage shan taba tun da daɗewa, mu kuwa har gobe muna zuƙa. Ta ce akwai ƙurar dutsen da mazanmu ke fasawa. Ta ce akwai hayaƙin girki a ɗakunan da ba taga, kuma mata ne suka fi saurin ƙaruwa a cikin matattunmu. Ta ce akwai nisan hanya, da watannin da ake ɓatawa ana maganin wani ciwo daban. Sai wani dattijo ya ce, "Shi ke nan?" Ta ce, "A'a, Baba. Akwai saura da ban gane ba tukuna." Wannan kalmar ce ta zauna mana a zuci har yau. Wanda ya san abin da ke binsa ya san inda zai gudu. Mu ba mu gama sani ba.

Bara, wata ranar Laraba da azahar, baranda babu kowa, ya kira ni ɗakinsa. Ya ce, "Zo ka taimake ni, ina so in gwada na'ura." Ya saita komai da kansa, ya tsayar da ni a bayan katangar kariya, ya nuna mini maɓalli. Sai na ga yana cire riga. Na ce, "Kai ne abin gwajin?" Ya ce, "Danna kawai in na ɗaga yatsa." Na danna. Ya wanke hoton, ya manna shi a gaban fitila. Ni ban iya karanta hoto ba, amma shekara ashirin da bakwai ina karanta fuskarsa. Ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya ce, "Direba, ashe kai ma gwani ne. Ka ɗauki hoto mai kyau." Ya ɗauki alƙalami ya rubuta unguwarsa, da sana'arsa, ya rubuta "ba ya shan taba", ya saka a cikin kwali tare da sauran.

Jama'a, idan mutumin da ke tsaye a gaban na'urar kullum, wanda ya fi kowa sanin alamun ciwon nan, bai kama nasa da wuri ba, ina mu? Wannan tambayar ce take hana mu sukuni. Yanzu a yankin nan idan mutum ya yi tari a cikin sahu, sai ka ga na kusa da shi sun sunkuyar da kai. Mace takan tsaya a bakin ƙofa tana sauraron numfashin mijinta. Mun koma ba ma tambayar juna me ya kashe wane, don mun san amsar.

Wata goma sha ɗaya ya yi yana jinya. Sau goma sha huɗu na kai shi tsallaken kogi, a baya yanzu, a kwance, Maman Yara na riƙe da tukunyar iska. Ya kasance mai haƙuri, amma ba zan yi muku ƙarya a kansa ba: ya ji tsoro. Wata rana a kan gada ya ce in tsaya. Ya ce, "Ba mutuwar ba ce, direba. Shaƙewar nake tsoro. Na ga yadda take." Sai na zagaya baya na riƙe masa ƙafa har numfashinsa ya daidaita, muka ci gaba.

Inna, kin haifi ɗa, kuma yanki guda ya amfana da shi. Allah ya ba ki haƙurin da ya fi ƙarfinmu. Maman Yara, mun ga yadda kika koyi saita iska da juya majinyaci fiye da wasu ma'aikata, ba ki taɓa ɗaga murya ba. Ba za mu bar ki ke kaɗai ba, kuma wannan alkawari ne a gaban shaidu. Ku 'ya'yansa, duk inda kuka shiga a yankin nan ku faɗi ɗan wa kuke, za a tashi a ba ku wuri.

Yanzu ga abin da ya bar mana. Saboda kwalayen nan nasa, hukuma ta amince ta turo motar gwaji mai na'urar da ke ganin ciwon tun yana ƙarami. Ranar Talata za ta iso, ta tsaya a harabar asibiti kwana shida. Likita ta gaya mana a fili: idan mutane suka fito, motar za ta riƙa dawowa duk shekara. Idan ba su fito ba, za a kai ta wani yankin. Kuma na zaga, na ji abin da ake faɗa a tasha da bakin shaguna: "Gara kada in sani." "Wanda duk ya shiga, da takardar mutuwa yake fitowa."

Ba zan zargi kowa ba, domin ni ma haka nake. Akwai maganar da ban gaya wa ko matata ba, ga ta can a layi na uku, ki yafe mini da za ki ji ta a cikin taro. Shekara talatin da biyar na yi ina shan taba. Wata huɗu ke nan ina tari. Sati biyu da suka wuce na ga jini a hankici, na naɗe shi na jefa a kwata. Marigayi ya ji tarin nan tun yana kan gado, ya kama hannuna ya ce, "Ka je a duba ka." Na ce to. Ban je ba. Na kai ɗaruruwan mutane gwaji, ni na kasa taka barandar da ƙafata. Wallahi tsoro nake ji.

Amma ranar Talata ni ne na farko a layi. Kai kuma ƙaninsa, shekara ashirin kana fasa dutse, kuma na san sau biyu yayanka yana roƙonka kana zillewa. Ƙarfe bakwai zan tsaya a ƙofar gidanka. Ba zan yi oda ba, kuma ba zan tafi ba sai ka fito. Duk wanda ƙafarsa ta yi nauyi ya gaya mini, motar da nake tuƙawa tana da wuri.

Muna godiya ga shugaban taro, da likitocinmu, da duk wanda ya rufe shagonsa ko ya bar aikinsa ya zo. Muna godiya ga iyalan marigayi da suka ara mana shi tsawon shekarun nan.

Ya Allah, ga bawanka ya dawo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka musanya masa ƙuncin ƙirjin da ya sha da hutu na har abada. Ka jiƙan matar nan mai ɗinki da duk waɗanda suka riga shi. Ka rufa wa iyalinsa asiri. Ka bayyana wa masu bincike abin da ya ɓuya musu game da yankinmu. Mu kuma da muka rage, Ya Allah, ka ga tsoronmu: ka ƙarfafa ƙafafunmu mu fito, kuma abin da za a gani a ƙirjinmu, ka sa a gan shi tun yana da magani.

Amin. Wassalamu alaikum.